PANTAMI: UNGUWAR DA MAI MOTA KE FARAUTAR INUWA

Matafiyin da ya taso daga Bauchi ya nufi gabas, bayan ya ƙetare kogin Gongola a Dindima, ya wuce Alkaleri, ya ci tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka, sai ya iso Tumfure, inda tudu ya ƙare hanya ta soma gangara. Daga nan zai hango birnin Gombe shimfiɗe a ƙasa kamar an zuba shi cikin ƙwarya, rufin kwano na ta walƙiya, dutsen Liji kuma yana tsaye daga gabas. In a watan Maris ne ko Afrilu, tun kafin motar ta gama gangarawa zai ji iskar da ke shigowa ta taga ta yi ɗumi, sai ka ce an buɗe bakin tanderu.

Wannan gari da ke cikin kwari ba shi ne Gombe ta asali ba. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a zamanin jihadin 1804, a Gombe Abba ya kafa hedkwatarsa, can bakin Gongola. Bayan Turawa sun ci ƙasar, an yi yaƙin Burmi a 1903, sai aka mai da mazaunin sarki Nafada a 1913, daga can kuma aka kawo shi Doma a 1919, watau inda birnin yake a yau. Auduga da gyaɗa suka raya shi, jirgin ƙasa ya iso a 1963, sa'an nan ran 1 ga Oktoba, 1996, aka yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, garin ya zama babban birni.

Amma abin da ya fi kome riƙe Gombe shi ne hanyar mota. Jihar ta yi iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas, watau Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, hanyoyi kuwa daga cikin garin suka rarrabu kamar yatsun hannu. Ɗaya ta yi kudu, ta bi Kumo da Billiri da Kaltungo zuwa Numan da Yola. Ɗaya ta yi gabas ta Dadin Kowa zuwa Biu. Ɗaya ta yi arewa ta Bajoga da Ashaka, inda ake yin siminti tun 1979, har Potiskum. Wata kuma ta bi Dukku da Darazo ta fita Kano. Saboda haka dubban magidanta a wannan gari daga jikin mota suke cin abinci, kama daga direba da yaron mota da kamasho, har zuwa bakanike da mai faci da mai sayar da kayan gyara.

UNGUWAR PANTAMI

Pantami ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, tana sashen kudu na birnin, kuma tana cikin unguwannin da suka fi cika da jama'a. Sunanta ya shiga jaridu a watan Afrilu na 1985, sa'ad da rikicin 'yan Tatsine ya ɓarke a cikinta, bayan wanda aka yi a Kano a 1980, da Bulunkutu ta Maiduguri a 1982, da Jimeta a 1984. Wannan masifa ta wuce, Allah Ya kiyaye gaba. 'Yan baya sun fi sanin unguwar da babban filin wasan da aka gina a 2010, zamanin Gwamna Muhammad Danjuma Goje, wanda ke ɗaukar 'yan kallo 12,000, inda ƙungiyar Gombe United ta sha karɓar baƙi. Sun kuma san ta da ɗanta, Shaihun Malami Isa Ali Ibrahim Pantami, wanda ya riƙe muƙamin Ministan Sadarwa daga 2019 zuwa 2023.

Baƙon da ya ratsa unguwar da hantsi zai ga abin da aka saba gani a manyan unguwannin Arewa: masu kayan miya da masu tireda, 'yan acaba da masu Keke Napep suna ta kai da kawowa, 'yan ga-ruwa na tura kura, yara da alluna. Amma in mai lura ne, zai ga wani abu a jikin motocin da ke jere bakin titi. Ƙofofinsu da gefensu suna nan da sauran kyau, rufin da bonet da murfin but kuwa sun yi fari fat, wani wurin ya ɗaɗɗaye kamar fatar maciji mai saɓa. Jar mota ta koma ruwan hoda, baƙa ta koma ruwan toka, fitilun gaba sun yi rawaya sun dushe kamar idon da yana ta rufe. Ba haɗari suka yi ba, ba kuma wanda ya taɓa su. Rana ce kawai ta ci su, ta kuma fara da inda ya fi fuskantar sama.

Dalilin haka yana ga inda Allah Ya ajiye garin. Gombe tana digiri 10 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka sau biyu a shekara rana takan bi ta tsakar ka sosai, har mutum ya taka inuwarsa: wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. A Agusta gizagizan damina suna yin garkuwa. A Afrilu kuwa sararin sama wayam yake galibin kwanaki, zafin iska yakan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyas, ƙarfen baƙar motar da ta wuni a fili kuma yakan haura digiri 70, yadda in mutum ya ɗora tafin hannunsa sai ya janye ba shiri. Motocin nan kuwa, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, da yawansu sun yi ƙuruciyarsu ne a ƙasashen Turai inda rana ba ta taɓa hawa tsakar ka ba ko sau ɗaya, sun kuma haura shekara goma kafin su sauka tashar jirgin ruwa. Da tsufansu suka zo suka gamu da ranar Gombe.

YADDA RANA KE CIN FENTI

Domin a gane wannan ɓarna, sai an san yadda fentin mota yake. Abin da ido ke gani kamar shafi ɗaya, hawa huɗu ne a motar zamani. Na farko shi ne wanda ake tsoma gangar jikin motar a cikinsa a masana'anta don hana tsatsa. Na biyu shi ne shimfiɗa, wadda ke daidaita fuskar ƙarfe. Na uku shi ne launin, ko ja ko shuɗi ko ruwan azurfa. Na huɗu kuma wani shafi ne garai-garai marar launi, wanda masu fenti ke ce wa kiliya, shi ne ke ba mota sheƙi, shi ne kuma ke tare rana. Duka huɗun in an haɗa su, da kaɗan suka fi kaurin takardar littafi, kiliyar ita kaɗai kuwa ba ta kai rabin wannan ba. Ashe dukiyar da mutum ya tara shekara da shekaru ya saya, abin da ke tsakaninta da rana bai kai kaurin silin gashi ba.

A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira altarabayolet, shi ne kuma ke ƙona fatar mutum, ya koɗar da atamfar da aka bari a kan igiya. Kiliya dangin roba ce, ƙwayoyinta a sarƙe suke da juna kamar saƙar tabarma. Wannan ɓoyayyen haske yana tsinka saƙar sili-sili, iska ta shiga ta ƙarasa, zafi kuma ya gaggauta aikin. Masu masana'anta sukan zuba waɗansu magunguna cikin kiliyar don su shanye hasken, amma su ma ƙarewa suke yi a hankali. Har wa yau, kullum ƙarfe yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, musamman da hunturu sa'ad da dare ke da sanyi rana kuma da zafi, fentin da ya riga ya bushe ya rasa laushinsa kuwa ba ya iya bin ƙarfen, sai ya tsattsage. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan damina na farko ya bi ta tsagar, tsatsa ta kama daga ciki.

Launi ma yana da nasa rabo. Ja ya fi saurin koɗewa, domin sinadarin da ke ba shi launin ba ya jure wannan haske kamar na fari. Baƙi da shuɗi mai duhu su ne suka fi shan zafi. Fari da ruwan azurfa suna mai da yawancin hasken baya, shi ya sa suka fi daɗewa, cikinsu kuma ya fi sanyi. Tsofaffin direbobin da suka yi zamani da Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, sun san wani irin fenti dabam, mai hawa ɗaya, wanda launi da sheƙi suke haɗe. Irin wannan in ya dushe, akan goge shi da man gogewa, matacciyar fatar ta fita a jikin tsumma, sabuwa ta bayyana. Fentin zamani ya fi wancan sheƙi da ƙarko, amma ran da kiliyarsa ta soma ɗayewa, ba man da zai mai da ita, sai dai a kankare a sake fesawa.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin wannan abokiyar gaba. A Amurka akwai filaye musamman a kudancin Fulorida mai zafi da laima, da hamadar Arizona mai zafi da bushewa, inda ake jera fallayen ƙarfe masu sabon fenti a bar su cikin rana shekara da shekaru, a ga wanda zai jure kafin a shafa wa mota. Gombe kuwa ta haɗa halin wuraren biyu cikin shekara guda, wata shida na bushewa, wata shida na laima, ga kuma wani abu na uku da ya zama nata.

ƘURAR HUNTURU DA TSUMMAN YARO

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Sahara, galibi daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne, ta baza ta a kan Arewa baki ɗaya. Ita kuma ƙasar Gombe rairayi ce, shi ya sa zaizaya ta addabi unguwanninta. Motar da aka wanke da magariba, kafin asuba ta yi fari. A cikin wannan ƙura akwai ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba.

Nan ne ake yin ɓarnar da ta fi yawa, da kyakkyawar niyya kuwa ake yinta. Da sassafe maigida zai fito, ya tarar da yaron gida ya riga ya ɗauki busasshen tsumma yana ta dirzar motar don ya burge shi, ya sa masa albarka ya shiga ya tafi. Abin da yaron ya yi bai da bambanci da goga sanfefa. Wanda ya tsaya gefen irin wannan mota da rana zai ga zane-zane sirara suna kewaye kamar saƙar gizo-gizo. Kowane zane ya rage kaurin kiliyar, ya kuma buɗe wa rana ƙofa. Wata huɗu ana wannan kullum safiya, sa'an nan bazara ta zo ta tarar da aiki ya yi nisa.

Masu wankin mota na bakin titi, waɗanda akasarinsu samari ne masu neman na kansu, da jarka da bokiti da ƙaramin injin fesa ruwa, su ma suna da nasu laifin, ko da yake ba wanda ya koya musu. Garin sabulun wanki, wanda aka fi sani da omo, an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, saboda haka yana wanke duk wani man kariya da aka shafa wa mota. Soson da aka wanke taya da shi, in aka mai da shi kan bonet, ya tafi da yashinsa. Ruwan rijiyar burtsatse kuma sau da yawa yana da gishiri-gishiri a cikinsa, in aka bar shi ya bushe a kan ƙarfe mai zafi sai ya bar ɗige-ɗige farare da ke cin fenti. Ƙa'idar wanki ba ta da wuya. A yi shi da safe ko da yamma, a inuwa, ƙarfe na da sanyi. A fara kwarara ruwa ya tafi da ƙurar tun hannu bai taɓa ba. A sa sabulun da aka yi don mota. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso. A fara daga rufi a gangaro, taya ta zama ta ƙarshe da nata soson dabam, sa'an nan a tsane ruwan da tsumma mai laushi kafin ya bushe da kansa. Gaskiya ne ruwa yana da tsada a unguwannin Gombe, duk da madatsar Dadin Kowa da aka gama a 1984, wadda daga gare ta ake jawo wa birnin ruwan famfo. To, wanda ba shi da ruwan wanki yau, gara ya bar ƙurar a inda take. Ƙurar da ke kwance ba ta zana fenti, sai an dirza ta.

NEMAN INUWA

Da azahar ta gabato, a kowane layi na Pantami za a ga motoci sun taru gindin duk wata bishiyar da ta rage, kamar tumaki a bakin rijiya. Wanda ya riga zuwa shi ke samun tsakiya, na baya ya sami rabi, ya zaɓi ko gaban motar zai ɓoye ko bayanta. Bishiyar da ta fi yin wannan hidima ita ce dalbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro. Ita ma baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya, an kawo ta Lardin Borno a 1928, daga nan ta bazu cikin Arewa, domin tana jure fari, ganyenta kuma yana nan kore lokacin da sauran itatuwa suka zubar da nasu.

Amma inuwar itace tana da kuɗinta. Tsuntsaye suna kwana a kai, jemagu suna zuwa cin 'ya'yan dalbejiya da mangwaro, balbelu kuma in suka zaɓi bishiya sai sun mai da ƙasanta fari. Kashin tsuntsu yana da tsami mai cin fenti. In ya faɗa kan bonet mai zafi, kiliyar ta yi laushi, da dare kuma ta huce ta ƙame da siffarsa, sai ya bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Maganinsa shi ne a cire shi a ranar, kada a kankara da farce ko a dirza. A jiƙa tsumma a ɗora a kai na ɗan lokaci, in ya yi laushi a ɗauke shi a hankali. Haka ƙaron itace da ruwan 'ya'yan itace. Duk da wannan, in aka auna, inuwa mai tsuntsu ta fi fili marar kome, muddin mai motar yana dubawa.

A gida kuwa, masu hali sukan yi gareji ko rumfar kwano. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya kafa sanduna huɗu ya ɗora zana ko asabari ko buhunan da aka ɗinke, domin rana ba ta tambayar kuɗin rumfa, abin da ya tare ta ya tare ta. Matsalar ita ce gidajen cikin unguwa da yawa an gina su tun kafin a yi tunanin mota, daga zaure sai lungu, motar dole ta kwana ta wuni a waje. Irin waɗannan sukan sayi rigar mota. Ita ma tana da sharaɗi. A sa ta a kan mota mai tsabta, a ɗaure ta tamau, domin in akwai ƙura a ƙarƙashinta iska na kaɗa ta, ita ce za ta yi aikin tsumman yaro dare da rana. A zaɓi mai haske wadda iska ke ratsawa. Tamfol mai kauri ko baƙar leda suna tara zafi da gumi, motar ta dahu a ciki kamar alala.

Bayan inuwa sai man kariya, wanda ake kira folish ko kakin mota. Mai kyaun cikinsu ana yinsa da kakin da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino, mai suna karnuba, da ke fitowa a arewa maso gabashin Barazil. Amfaninsa shi ne ya zauna a bisa kiliya, ƙura da ruwa da kashin tsuntsu su fara cin sa kafin su kai ga fenti. A ƙasa mai zafi ba ya daɗewa, sai an riƙa sabuntawa bayan wata biyu ko uku. Lokutan da suka fi dacewa a Gombe su ne farkon hunturu, da gab da bazara, da faɗuwar damina. Gane ƙarewarsa ba wuya: in an watsa ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, man yana nan, in ya shimfiɗe ya kwanta, ya ƙare. A manyan birane an samu sababbin dabaru, akwai wani shafi mai tauri da ake kira siramik, wanda ke yin shekaru, akwai kuma wata leda garai-garai da ake manna wa jikin mota. Suna aiki, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai motar haya, ba kuwa ɗaya daga cikinsu da ya kai inuwa.

A GAREJIN MAI FENTI

Wanda ya makara, ƙarshensa garejin mai fenti. Irin wannan gareji fili ne da rumfa, da injin iska mai ƙara, da bindigar fesawa, da gwangwanaye a zube, ƙasar wurin ta rine da launi iri-iri. Mai buga jikin mota ya daidaita inda ya lotsa, a cike da fila, yara su zauna da bokiti da sanfefa suna gogewa har yatsunsu su yi fari, a manne gilasai da tsofaffin jaridu, kana maigidan ya haɗa launi da ido. Gwanintar waɗansu daga cikinsu abin mamaki ce, domin launin da rana ta riga ta sauya ba shi cikin kowane gwangwani, sai an ɗiga wannan an ɗiga wancan har ya dace.

Sai dai akwai abin da gwaninta ba ta iya bayarwa. A masana'anta ana gasa fenti a zafin da ya kai digiri 140, cikin ɗakin da ƙura ba ta shiga. Garejin da ke da ɗakin gashi yakan tsaya wajen digiri 60. Na bakin titi kuwa rana ce tandarsa, iska kuma tana kawo masa ƙura tun fentin bai sha iska ba. In kuma mai motar ya matsa a rage masa kuɗi, sai a sayo kiliya mai araha, a yawaita tina don gwangwani ɗaya ya yi aikin biyu. Motar za ta fito tana ɗaukar ido ranar farko, kafin shekara ta kewayo ta koma gidan jiya. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma abin da ya fi fenti tsada a wannan wuri, watau huhun mai fesawa. Fentin da ake haɗawa da maganin ƙamewa yana ɗauke da sinadarin da likitoci suka tabbatar yana haddasa asma, tina kuma tana sa jiri da ciwon kai. Duk da haka sau da yawa za a ga saurayi yana fesawa cikin hazon fenti, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle kawai, in ya gama ya sayi madarar gwangwani ya sha, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, fenti kuwa huhu ya shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Abin da ke tsare shi shi ne takunkumin da aka yi musamman don wannan aiki, mai matatar da ake canzawa. Haƙƙi ne a kan kowane maigidan gareji ya saya wa yaransa, domin amanar iyayensu ce a hannunsa.

ABIN DA KE CIKIN LISSAFI

Mai karatu yana iya cewa wannan duk maganar ado ce, mota dai in tana tafiya ai ta biya. Dillalan motoci ba za su yarda da shi ba. Abu na farko da mai saye ke tambaya shi ne ko motar fas bodi ce, watau ko fentinta na masana'anta ne. Zai kewaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ji ko akwai fila, ya buɗe bonet ya duba gefuna, ya leƙa ƙarƙashin robar gilashi. Da ya ga alamar an sake fenti, sai ya ce, “Alhaji, wannan ai ta taɓa faɗuwa,” ko da kuwa mai ita ya rantse rana ce kawai. Nan take kuɗinta ya faɗi, wanda ya biya mai fenti jiya ya sake yin hasara yau.

Tun daga 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira, kuɗin mota da na fenti da na kayan gyara, waɗanda galibinsu daga waje ake shigo da su, suka yi tashin gwauron zabo. Ma'aikacin gwamnati ko malamin makarantar da a da yake sa ran canza mota bayan 'yan shekaru, yanzu ya san wadda ke hannunsa ita ce zai tsufa da ita. Ga direban haya kuwa, motar ita ce gonarsa, ita ce kuma abin da zai sayar ran da wata babbar larura ta taso. Kwana goman da ta yi a gareji kwana goma ne ba cefane. Rufin da tsatsa ta huda kuma, da damina a kan fasinja yake zuba.

Zafin da ke cin bayan mota yana kuma aiki a cikinta. Shi ke tsaga dashbod, ya busar da robobin ƙofa, ya cinye kujeru. Kwali ko abin tare rana da aka sa a gilashin gaba yana rage wannan ƙwarai. Amma akwai abin da ya wuce dashbod. Wani bincike da likitocin Jami'ar Stanford ta Amurka suka buga a 2005 ya nuna cewa zafin cikin motar da aka rufe a rana yakan ƙaru da kimanin digiri 22 cikin sa'a guda, mafi yawansa a rabin sa'ar farko, sassauta gilashi kaɗan kuma bai hana ba. Sai a ɗora wannan a kan digiri 40 na Afrilun Gombe. Kada a bar yaro cikin mota don za a shiga kasuwa ko banki a fito yanzu, motar da ke ajiye a ƙofar gida kuma a kulle ta, kada yara masu wasan ɓuya su shiga su kasa fita.

A 2019 gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa da aka fi sani da 3G, da nufin dasa miliyan ɗaya kowace shekara, don yaƙi da zaizaya da gurgusowar hamada. Shiri ne mai kyau, amma gwamnati dasawa take yi, raino sai mutanen unguwa. Dashen da ba a kewaye shi da ƙaya ko tubali ba, akuya ce ke karyawa da shi, wanda ba a ba shi ruwa a ranin farko ba kuwa ba ya ganin na biyu. Abin takaici ne a ga mai shago ya sare bishiyar da ta shekara talatin don ya ƙara faɗin rumfarsa, ko mai sabon gini ya share filinsa ƙaf ya malale da siminti, sa'an nan ya zo yana rigimar inuwa a ƙofar maƙwabcinsa.

Dalbejiya ba giginya ba ce da za a ce na nesa ka sha inuwarta. A gindinta take ajiye ta, cikin shekara huɗu ko biyar kuma ta isa ta rufe mota. Da kowane mai mota a Pantami zai dasa guda a ƙofar gidansa, ya kewaye ta, ya riƙa juye mata bokitin ɗauraya na ƙarshe a duk ran da ya yi wanki, da shi da motarsa da masu zaman hira da almajirin da ya gaji da yawo duk sun sami wurin fakewa. Masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyar direbobi su ne ya kamata su ja gaba, tun daminar bana ba ta wuce ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.